Hannun Maimuna a Ƙarƙashin Teku

Ku 'ya'yana da jikokina, kun saba ganin katuna biyu a cikin firam ɗaya a bangon falonmu na Shango, nawa da na Maimuna, kowanne da hoton mai shi da hatimin da ke cewa an yarda ya yi nutso a teku. Na sha jin yadda kuke ba baƙi labarinsu. Kuna cewa Baba ne ya ɗauki 'yarsa kurma ya kai ta har Zanzibar don ya nuna mata babu abin da ya fi ƙarfinta. Labarin yana da daɗi, ni ma nakan gyara zama in yi shiru idan ana yinsa, amma ba haka aka yi ba. Tunda yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sahunta, gara in rubuta gaskiyar da hannuna kafin ku mayar da ni waliyyi.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin rediyo a nan Minna, ina karanta labarai da gaishe-gaishe da Hausa da Nufanci. Murya ce jarina, kuma na san da hakan fiye da yadda ya kamata. Idan na je kasuwar Kuta sayen doya, kafin in gama sallama mai doya ya ɗaga kai ya kira sunan shirina. A gidan mutum irin wannan ne sanƙarau ya kama Maimuna tana shekara uku. Allah ya bar mana ita, amma jinta ya tafi, 'yan kalmomin da ta fara iyawa kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ba ta da saura. Abu ɗaya ta riƙe. Kullum bayan sallar asuba, idan na zauna karatun Alƙur'ani, sai ta hau cinyata ta ɗora tafin hannunta a maƙogwarona, ta lumshe ido tana jin motsin muryar. Wata rana tana da shekara biyar abokan aikina suka zo gaisuwa, muna hira ta shigo ta ɗora hannun kamar yadda ta saba. Ɗaya daga cikinsu ya girgiza kai ya ce Allah mai iko, mai murya ya haifi kurma. Na cire hannunta daga wuyana, na ajiye mata shi a cinyarta. Ban daka mata tsawa ba, a hankali na yi. Ta dube ni, ta sauka, ta shige wurin uwarta, kuma ba ta sake ɗora wannan hannun ba.

Da ta shiga makarantar kurame ta koyo maganar hannu, gidan nan kaf ya koya. Mahaifiyarku Hajiya Rabi ta koya, ku yayyenta da ƙannenta kuka koya, har maƙwabciyarmu Maman Blessing, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro, ta koya ta kan katanga. Ni kaɗai ne ban koya ba. Nakan ce aiki ya yi mini yawa. Gaskiyar ita ce a ganina ranar da na ɗaga hannu na yi mata magana, na yarda ke nan ba za ta taɓa jin muryata ba, ni kuwa ban shirya yarda ba. Na kai ta wurin likitoci a Kaduna da Ilori, na kai ta wurin masu rubutu da masu tofi, amma ban taɓa zama ta koya mini yadda ake cewa ina kwana ba. Hajiya ta zama tafintarmu. Idan ba ta nan, sai wani ɗan littafi mai jan bango. In rubuta, kin ci abinci? Ta rubuta, e. Hirarmu ke nan ta shekara goma sha bakwai.

A shekarar da na yi ritaya, 2009, Maimuna ta samu gurbin karatu a Jos, inda za ta koyi koyar da kurame. Ita ta nema da kanta, ta rubuta jarrabawa, ta ci. Ranar da takardar ta zo, ta miƙo mini ita da hannu biyu, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Na karanta, na ninke, na dubi Hajiya, ba ita ba.

"Gaya mata ba za ta je ba," na ce. "Garin da ba ta san kowa ba? Idan mota ta taho ta bayanta wa zai ji mata? Idan rikici ya tashi ana ihu a gudu, wa zai ji mata?"

Hajiya ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Malam, wannan maganar dai ka gaya mata da kanka."

Ba ta buƙaci tafinta ba, ta riga ta karanta a fuskata. Ta karɓi takardarta ta kawar da kai. Ku da kuka zauna da ita kun san abin da wannan ke nufi. Mai ji idan ya yi fushi da kai dole muryarka ta shiga kunnensa ko yana so ko ba ya so. Kurma kuwa idan ta ɗauke ido daga kanka, ta rufe ƙofa ke nan, babu ta inda za ka shiga. Wata uku Maimuna tana durƙusawa ta gaishe ni, tana kawo mini ruwan alwala, tana goge mini kaya, amma idonta a ƙasa ko a bango. Na yi fushi, na yi faɗa da Hajiya, na yi faɗa da ku a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata safiya ina wanke mota Maman Blessing ta leƙo ta kan katanga.

"Baban Maimuna," ta ce da irin Hausarta, "kai kana magana duk Neja yana ji, amma yarinya ɗaya a gidanka ba ka iya magana da shi. Wannan ba kyau, walahi."

Na ce mata ta kula da miyarta kada ta ƙone. Amma maganar ta bi ni har cikin masallaci.

A cikin wannan hali ƙanena Ndagi, wanda ke koyarwa a Dar es Salaam, ya aiko mana da tikiti biyu, ni da Hajiya, mu je ɗaurin auren 'yarsa. Hajiya ta ce ƙafarta ba za ta iya doguwar tafiya ba, a mayar da kujerar sunan Maimuna. Ƙafar da take zuwa kasuwar Barkin Sale da ita sau biyu a rana. Na ce wa zai yi mana tafinta? Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Ai kuna da jan littafinku," ta ce. "In ya cika ku sayi wani."

Bayan biki muna da sauran mako guda kafin jirginmu, sai Ndagi ya sa mu a jirgin ruwa zuwa tsibirin Zanzibar mu huta. Hutu da wanda ba ya kallonka wahala ce. Muna cin abinci a tebur ɗaya, ita tana kallon teku, ni ina kallon ta. Kashegari da hantsi muna tafiya a bakin ruwa sai ga wasu mutane sun fito daga kwale-kwale sanye da baƙaƙen rigunan roba, da tukwanen iska a bayansu, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa a hannu. Biyu daga cikinsu suna ta nuna wa juna abu da yatsu suna dariya. Maimuna ta tsaya cak. Ta ciro jan littafin ta rubuta, ta miƙo mini, kuma a karon farko cikin wata uku ta dube ni ido cikin ido. Ta rubuta: Ina so in koyi wannan.

Da na ce a'a, da idon nan ya sake komawa bango, wataƙila har abada. Na san ta iya iyo, domin duk hutun makaranta a Wuya take yinsa wurin kakarta a bakin kogin Kaduna, inda ni ma na koya ina yaro. Sai na rubuta: To, amma tare da ni. Kada ku ɗauka ƙauna ce ko jarumta. Ban yarda 'yata ta shiga kwale-kwale da mazan da ban sani ba ina zaune a tudu, shi ke nan dalilin.

Shagunan masu koyar da nutso sun yi jeri a bakin ruwan, kowa da allonsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kwale-kwale ne, ya yi shekara arba'in yana fiton mutane a Wuya, kuma yana da magana ɗaya da yake nanata mana. Yakan ce kada ka dubi fentin jirgi, tambayi mai jirgin yaushe rabon da ya ce wa fasinja yau ba a ƙetarewa. Wanda bai taɓa ƙin ɗaukar mutum ba, wata rana zai ɗauke shi zuwa lahira. Da wannan tambayar na shiga shago na farko, mai gilasai da kiɗa. Wani matashi mai zaƙin baki ya tare mu da Turanci, ya ce kwana biyu kacal mu karɓi kati. Na ce yarinyar kurma ce. Ya ce babu matsala, bai ko juya ya dube ta ba. Na tambaye shi yaushe rabon da ya ƙi fita da mutane. Ya yi dariya ya ce su kullum suna fita, ko ana iska ko ana ruwa. Na gode masa muka fito. A shago na biyu wata Baturiya ta saurare ni da ladabi, ta ce ni za ta karɓe ni amma ba za ta ɗauki nauyin kurma ba. Maimuna ta karanta bakinta, ta riga ni fita.

Na uku rumfa ce a ƙarshen layi, allonta ya koɗe. Wani baƙin mutum mai furfura a gemu, sunansa Hamisi, yana zaune yana wanke tiyon da ake shaƙar iska da shi a cikin baho, ɗaya bayan ɗaya, yana kara kowanne a kunne ko zai ji yoyo. Na yi masa sallama ya amsa. Da na gaya masa halin Maimuna, sai ya share hannunsa, ya ɗauko wani farin allon roba da fensir, irin wanda suke rubutu da shi a cikin ruwa, ya juya mini baya ya fuskance ta. Ya rubuta yana tambayar ta ko kunnen yana mata ciwo, ko ya taɓa zubar da ruwa, ko ta iya iyo, ko ita ce ke so ko tilasta ta aka yi. Suka yi ta rubutu suna gogewa, ni ina tsaye kamar ɗan rakiya. Sai da suka gama na jefa masa tambayar mahaifina.

"Shekaranjiya," ya ce. "Iska ta juya, na mayar da mutum shida. Biyu sun zage ni."

Ya ce kwana huɗu ne, ba ya ragewa. Sai likita ya duba kunnenta da hawan jinina kafin mu taɓa ruwa. Ya tambayi ranar jirginmu, domin ba a fitowa daga nutso a hau jirgin sama sai an kwana an wuni. Ya ce in ya ga ɗayanmu bai iya ba, ba zai sa hannu a kati ba ko da za mu yi kuka. Na ce ya dai kula mini da ita sosai, tunda ba ta ji.

"Baba," ya ce, "a ƙasa babu mai ji, babu mai magana. Ita ba ta dame ni ba. Kai ne damuwata, tun da ka shigo bakinka bai huta ba."

Maimuna ta tambaye shi da ido me ya ce. Ya rubuta mata. Ta yi dariyar da rabona da ita na manta, irin mai fitowa da ƙarfi ba tare da ta san ƙarfinta ba.

Likita ya sallame mu lafiya, muka fara. Ranar farko karatu ne a rumfa: yadda ake haɗa tukunya da tiyo, yadda ake duba agogon da ke nuna sauran iska, yadda ake toshe hanci a hura a hankali don kada kunne ya yi zafi in ana sauka. Doka biyu Hamisi ya sa muka rubuta da hannunmu. Kada ka taɓa riƙe numfashi, kada ka taɓa rabuwa da abokin nutsonka. Ya ce kowa shi ke duba kayan ɗan'uwansa kafin a shiga ruwa, ya haɗa ni da ita. Sannan alamomin hannu: lafiya lau, akwai matsala, mu hau, mu sauka, iskata ta yi ƙasa, dube ni. Maimuna ta haddace su kafin shayi ya huce, ta ƙara wa Hamisi wasu daga nata, shi ma ya koya mata sunayen kifaye da yatsu. Ni kuwa, mai karanta labarai ba tare da tuntuɓe ba, yatsuna suka zama kamar itace. Hamisi ya gaji ya ce ita ta koya mini. Ta kama hannuna tana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai, tana sakewa. Rabon da hannunta ya daɗe haka a jikina tun tana shekara biyar.

A cikin kwale-kwale ita da Hamisi suna ta hirarsu da hannu suna dariya, ina ta cewa me ta ce, me ta ce, Hamisi yana cewa daga baya, Baba, ba wani abu ba ne. Sai na tuna sau nawa muke kan tabarmar cin abinci a Shango ina ba da labari kowa na ƙyaƙyatawa, ita tana bin bakunanmu da ido, ta taɓa uwarta, ni kuma in ce a gaya mata daga baya. Na ji kunya ta rufe ni.

Akwai darasi ɗaya da ya gagare ni. Dole mai neman kati ya cire gilashin nutso da ke rufe masa ido da hanci a cikin ruwa, ya ci gaba da numfashi ta baki, ya mayar da shi, ya hura iska ta hanci ruwan ya fita. A wuri marar zurfi sau biyu ina miƙewa tsaye ina tari, a na uku na yi da ƙyar. Rana ta huɗu Hamisi ya ce sai an maimaita a can ƙasa, zurfin da ya kai bene mai hawa huɗu. Muka sauka muna bin igiya, muka durƙusa a kan farin rairayi. Wurin yana da kyan da ban iya kwatanta shi ba, kifaye shuɗɗa da rawaya suna wucewa ta gabanka ba su san kai wane ne ba. Babu abin da nake ji sai numfashina. Maimuna ta cire nata gilashin ta mayar kamar mai gyara ɗankwali. Hamisi ya nuna ni. Na cire. Ruwan gishiri ya buge mini ido na rufe, ya shiga hancina, na shaƙa, na ƙware. Gilashin ya kuɓuce daga hannuna. Ba na gani, ba na ji, ba na iya kiran kowa, murya tana nan a maƙogwaro amma ba ta da amfani. Zuciyata ta ce sama kawai. Na tokari ƙasa zan tashi a guje, abin da aka ce mana yana iya fasa huhun mutum. Na ji Hamisi ya damƙe rigata ya danna mini tiyon a baki, amma ni kokawa nake yi da shi.

Sai wani hannu ya kama nawa na dama. Ƙarami ne, na san shi. Ta matse tafina a hankali, ta daɗe, ta saki a hankali. Ta sake matsewa, ta sake saki. A karo na uku na gane abin da take cewa: shaƙa, fitar. Na bi hannun. Na yi tari a cikin tiyon, na shaƙa da ta matse, na fitar da ta saki, har ƙirjina ya daina bugu kamar ganga. Ta sa mini gilashin a ɗaya hannun, na mayar, na hura. Da ruwan ya sauka daga idona, fuskarta ce a gabana daf da tawa. Ta nuna idanunta da yatsu biyu, dube ni. Sannan ta haɗa babban yatsa da manuni, lafiya? Na amsa mata da hannuna, lafiya. Hamisi ya sa na sake darasin tun daga farko, na yi shi tana riƙe da ni. Na yi kuka a cikin gilashin nan, ban san ana iya yi ba.

Da muka hau kwale-kwale Hamisi ya miƙo mini ruwan sha ya ce, "Ban koya mata wannan ba. Ban taɓa ganin an yi ba ma."

Na karɓi farin allonsa, na rubuta: Za ki je Jos. Ta karanta. Ta goge, ta rubuta: Wa zai ji mini? Ashe Hajiya ta gaya mata har wannan. Sai na nuna ta da yatsa, na nuna ƙirjina, na sunkuyar da kai. Wannan ce jimlata ta farko da maganar hannu, kuma ko daidai ba ta yi ba, amma ta gane ina neman gafara ne.

Muka dawo Minna da katuna biyu da sauran wata biyu kafin a buɗe makaranta. Kullum bayan asuba muna baranda, ita malama ni ɗalibi, Maman Blessing tana leƙowa tana gyara mini kuskure da murna fiye da kima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa ya riga ya bushe, har yau jikokina suna dariyar yadda nake cewa shinkafa. Abin da ya fi ciwo shi ne sai da na fara gane hirarta na san irin 'yar da nake da ita, mai ban dariya, mai gardama, mai tsokana irin tawa sak, sai kuma ga ranar tafiya ta zo. Kun san sauran. Ta gama karatu, ta samu aiki a can, ta yi aure a can, sai sallah muke ganinta. Shekara goma sha bakwai tana ɗakin da ke kusa da nawa ban yi magana da ita ba, da na iya kuma na sa ta a mota da hannuna. Ban yi nadamar barinta ba, nadamata ta shekarun ce, kuma ba wanda zai dawo mini da su.

Ranar tafiyar muka raka ta tasha da hantsi, ni da Hajiya. An ɗaure akwatinta, direba yana ta kiran saura mutum ɗaya, masu lemo da biredi sun kewaye motar. Ta rungumi uwarta, ta durƙusa a gabana. Na ɗaga ta. A nan tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da fasinjoji da duk wanda ya san muryata, na kama hannunta na dama na ɗora shi a maƙogwarona na riƙe. Na karanta Fatiha a bayyane, na ce Allah ya yi miki albarka, Allah ya tsare gabanki da bayanki. Ta lumshe ido kamar yadda take yi tana ƙarama. Da na gama ta buɗe, hawaye na zuba tana murmushi, ta ɗaga hannu ta yi magana: Baba, muryarka ta tsufa.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta juyo za ta fassara mini kamar yadda ta saba.

"Bari, Hajiya," na ce. "Na ji."